Motar da Gida Ya Zagaye

Duk wanda ya shiga gidan Malam Uwaisu a Ɗorawar Sama'ila, wani ƙauye da ke gabas da Ɗambatta, abin da zai fara cin karo da shi bayan zaure mota ce. Tana nan zaune ɗaram a tsakar gida, tsakanin madafa da turken awaki, Fijo akori-kura ta zamanin da, mai giya a jikin sitiyari. Baƙo yakan dubi motar, ya waiwaya ya dubi ƙofar zauren da shi kansa sai da ya sunkuya kafin ya shigo, sannan ya yi tambayar da kowa yake yi: wai ta ina ta shigo?

Amsar ba ta da wuya. Lokacin da ta shigo, gidan ba shi da katanga, dangar kara ce kawai, sai aka ɗage ta aka turo motar ciki. Daga baya ne gida ya yi ta girma yadda gidajen ƙasar nan suke girma. Ɗan fari ya yi aure, aka gina masa ɗaki ta kudu. Na biyu ya yi, aka toshe arewa. Aka tayar da katangar ƙasa, aka yi zaure mai fuskantar wani lungu da jaki mai mangala ma sai ya karkata yake wucewa. Duk wannan gini da Uwaisu aka yi shi, har yana miƙa wa magina tubali, kuma bai taɓa ɗaga kai ya ce a bar wa mota ƙofa ba. Mota ce mai mataccen inji, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Wa zai yi wa irin wannan tanadin hanya?

Shi Uwaisu tun yana saurayi ya san motar. Ta wani Alhaji Muhammadu Sani ce, mai awon hatsi a Ɗambatta, kuma a kanta ya fara karen mota, yana tsalle da weji, katakon tokare taya, a hannu, yana kwana a bodi da buhunan gero. A kanta ya koyi tuƙi, a kanta aka fara kiransa direba. Ya kai ta Kano ya dawo har ya daina ƙirgawa, ya kai ta kasuwannin bakin iyaka, ya ɗauko 'yan biki da tumakin layya da gadajen amare. Matarsa Barira ma a hanyar kasuwa ya fara ganinta, ta tsayar da shi da ƙwaryar kuka a ka, ya ce ta hau gaba, ta ce Allah ya kiyaye, ta hau baya. Da Alhaji ya rasu, inji ya buga, magada suka yar da motar a bayan shago. Uwaisu ya ja wasu motocin na 'yan shekaru, sai ya ji duk ba su yi masa ba, ya komo gonar ubansa. Ranar da ya ji 'yan gwangwan suna tayin ta a kilo, ya sayar da ɗan bijiminsa ya je ya karɓo ta.

Ta daɗe tana zaune haka kafin ya fara taɓa ta, domin manomi mai 'ya'ya ƙanana ba shi da rarar da zai ciyar da ƙarfe. Sai da yara suka kama gabansu sannan ya kori kaji, ya share kashinsu, ya buɗe banet. Tun daga nan kuma rayuwarsa ta rabu gida biyu, damina ta gona, rani na mota. Da an gama ɗaurin dawa sai ya ware ɗan abin da ya samu na gyaɗa, ya hau mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ya yi ta bin shagunan tsofaffin kaya yana tono a cikin tarkace. Wata shekara ya dawo da lagireto, wata shekara da fitilu biyu da ba su yi kama da juna ba, ya koma ya sake nema. Ɓeraye suka cinye masa wayoyin da ya ja, saboda Barira ta ɓoye buhun gyaɗar iri a ƙarƙashin kujera. Ranar sun yi faɗan da har maƙwabta suka leƙo. Washegari ta dama masa fura da nono mai yawa, shi kuma ya sake jan waya, magana ta mutu.

Ni dai ban taɓa ganin mutum mai jin daɗin wahala kamarsa ba. Za ka tarar da shi da hantsi a kan tabarma, ya baje noti da ƙusoshi a tsohon faranti, yana wanke su da kananzir ɗaya bayan ɗaya, rediyo na magana ba mai saurare. Idan noti ya ƙi kwancewa ba ya zagi, sai ya ɗiga masa baƙin mai ya ce, "Ka yi tunani, ina dawowa," ya tafi alwala. Ya kankare tsatsar bodi da hannunsa, ya ɗauko mai walda daga Ɗambatta da ɗan janareta a bayan babur, ya sa aka fesa mata fenti ruwan madara irin nata na asali. Barira ta daina shanya kuɓewa a kan banet, ba don an hana ta ba, sai don ta ga abin ya fi ƙarfin kuɓewa. Idan ta wuce za ta madafa takan kaɗe ƙura daga madubi da gefen zaninta, in dai ta tabbata ba ya kallo.

Mutum ɗaya ne bai taɓa raga wa Uwaisu ba, shi ne Sabiru, ɗan goggonsa. Taubasai ne, saboda haka zolaya tsakaninsu halal ce, kuma sun tsufa suna morar halal ɗin. Sabiru yana kiransa Direban Kaji. Shi kuma yana kiran Sabiru Sarkin Iyaka, don duk garin ba wanda ya kai shi ƙwauron ƙasa. A wannan yanki dama kowa haka yake, gonaki ƙanana ne, an raba gado an sake rabawa, ana shuka har gindin katanga, kuma mutum ya fi sanin adadin kunyoyinsa fiye da na jikokinsa. Amma na Sabiru ya yi yawa. Ya taɓa kai ƙarar maƙwabcinsa gaban mai unguwa a kan tushen gamba guda, wai ya matso cikin gonarsa. Ko turbar da ake bi zuwa rijiyar gari, inda ta gifta ta gefensa, duk shekara sai ta ɗan rame.

To, gonar wannan Sabirun ce take manne da katangar bayan gidan Uwaisu. Daga katangar zuwa burtalin shanu da ya fita titi, duk ƙasarsa ce. Ita ce kaɗai hanyar da mota za ta bi, in an fasa katanga, kuma sai da rani, lokacin da aka kwashe amfani aka saki gonaki kowa yana ratsawa. Uwaisu ya san haka, bai dame shi ba, domin rani yana zuwa kowace shekara.

Sai ga shi wata rana bayan ƙaramar salla, suna zaune a gindin ɗorawa, Sabiru ya ce, "Direban Kaji, an sa ranar auren ɗana Kamaruddeen, da kaka. Ɗakinsa zan ɗora a jikin katangarka, ba ni da wani wurin. Da an gama noman farko magina za su shiga."

Uwaisu ya ce, "Allah ya sanya alheri. To motata fa?"

"Wace motar? Akurkin? Ka fitar da abinka kafin ruwa ya sauka. In ka ga dama in aro maka shanun huɗata su ja ta, sun saba jan abin da ba ya motsi."

Aka yi dariya, har da Uwaisu, amma shi lissafi yake yi a ransa. Lissafin a fili yake. Da ruwan shuka ya sauka gonar ta rufe, kafin a girbe kuma ɗaki ya tashi, shi ke nan motar ta zama 'yar gida har abada. Ya gyara zama ya ce, "Da turi ta shigo gidan nan, kuma wallahi da ƙafarta za ta fita. Ba saniyar da za ta ja ta, ba ƙaton da zai tura ta."

Wannan rantsuwa ita ta ɗaure shi. Barira ta ce masa, "Malam, ka tara samari su tura ta waje mana, ka ƙarasa gyaran a can." Ya ce a can ina, a bakin titi, yara su cire madubi, 'yan gwangwan su dinga zagaye ta kamar angulu? Kuma ya riga ya rantse a gaban mutane. Gaskiyar ita ce, ya shafe shekaru yana ganin fitar nan a ransa, shi a sitiyari, inji na ruri, Sabiru a tsaye baki buɗe. Ba zai iya musanya wannan da turi ba.

Abu guda ne ya rage, kafireto. Inji ya gyaru, yana juyawa lafiya lau, amma ba ya kamawa, domin tsohon kafireton ya tsage kuma ya ƙi liƙuwa. Wani mai shago a Ƙofar Ruwa ya ce akwai wata irinta da ta mutu a wajen Maigatari, za a kwanto masa nata. Uwaisu ya yi ta zarya. In ya je a ce mai kawowa ya tafi ta'aziyya, in ya koma a ce an kawo amma na wata motar ne. Zafi kuwa ya yi ta ƙaruwa, gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa.

A shekarar sai ruwa ya yi jinkiri. Aka gama kai taki, aka gama sharar gona, iri yana ɗaure a rumbu, sama ta yi shiru. Dabbobi suka rame. Liman ya ce a fita roƙon ruwa, gari ya fita ƙwai da ƙwarƙwata cikin tsofaffin tufafi. Uwaisu ya tsaya a sahu, Sabiru a damansa. Shi ma manomi ne, rumbunsa ya kusa ƙasa, kuma ya san abin da fari yake yi wa gida tun yana yaro. Da liman ya ɗaga hannu, Uwaisu ya ce amin da gaskiya, har idonsa ya ciko. Amma da aka shafa ya ɗaga kai ya ga wani baƙin gajimare, sai gabansa ya faɗi, kuma ya ji kunyar faɗuwar gaban ƙwarai. Sabiru ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Aminka ba ta da ƙarfi, na ji ta. Kai ne ka riƙe mana ruwa ko?"

"Ka ji tsoron Allah, a filin idi muke."

Da ya koma gida bai ko kalli motar ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya ce, "Barira, Allah ya ba mu ruwa ko da yau ne. Mota ai ƙarfe ce." Ta ce amin, ta miƙa masa buta.

Ruwan bai jira kafireto ba. Ya sauko wata ranar Talata bayan la'asar, da iska da tsawa, ya yi ta zuba har indararo suka gaji. Yara suka fita tsalle, mata suka jera bokitai. Uwaisu ya ja tamfol ya rufe motar, ya tsaya a jiƙe yana shaƙar ƙamshin ƙasa. Murna yake yi, ba ƙarya, amma idonsa yana kan motar. A lokacin ya yarda a ransa cewa da za a samu masu turi, da ya karya rantsuwar ya yi kaffara. Sai dai ya san garinsu. Washegarin ruwan shuka ko gawa ce da gaggawa ake kai ta, balle a ce a zo a fasa katanga a tura mota. Kowane hannu yana da sungumi ko ƙoƙon iri.

Da asuba shi ma ya saɓa nasa sungumin. Gonarsa tana can hayin rafi, ya wuni yana sara, surukansa mata da jikoki suna binsa suna zuba gero suna takewa. Aikin ya yi masa daɗi yadda ya saba yi masa, ƙasa ta jiƙu har ƙasa, sungumi yana shiga ba gardama. Can da rana ya fara lallashin kansa. Ya ce to mene ne, ai ko a tsakar gida mota mota ce. Zai tayar da ita ran Juma'a ya ji muryarta, ya kashe. Jikoki su hau su sauka. Akwai waɗanda suka mutu ba su mallaki ko keke ba.

Da yamma ya biyo burtali zai koma gida. Bai so ya kalli gonar Sabiru ba, amma ido ba ya jin magana. An shuke ta tas, ramuka a jere, sawun ƙafa a kan kowanne, har gindin lallen da ke kan iyaka. Sai a tsakiya ya ga wani abu da bai taɓa gani a ƙasar Sabiru ba. Wani zirin fili ne miƙaƙƙe, tun daga burtali har jikin katangarsa, ba a sari ko rami ɗaya a cikinsa ba. An ma baje tsofaffin kunyoyin da ke wurin da fartanya.

Sabiru yana tsugune a gefe yana kankare ƙasa daga sunguminsa. Uwaisu ya tsaya a kansa, ya rasa ta inda zai fara.

"Sarkin Iyaka, iri ne ya ƙare maka?"

Sabiru bai ɗago ba. "Wake zan sa a nan. Shi wake ai sai gero ya tasa. Kai da kake kiran kanka manomi ba ka san wannan ba?"

Uwaisu ya san wannan sarai. Ya kuma san cewa ba mai ware wa wake fili shi kaɗai a garin nan, tsakanin gero ake cusa shi, kuma Sabiru ne ya fi kowa iya cusawa. Geron da zirin nan zai ba da ya isa dami mai kyau, kuma ya tafi ke nan, don shukar ruwan farko ba ta da madadi. Ya buɗe baki zai yi godiya, Sabiru ya daka masa tsawa.

"Kar ka tsaya mini a kan shuka da manyan ƙafafunka! Kuma ka ji da kyau, ranar da na ga dama zan sa wakena, ko akurkinka ya fita ko bai fita ba."

Kafireton ya iso lokacin da gero ya fara leƙowa kamar allura. Tsoho ne, baƙi ƙirin, amma lafiyayye. Uwaisu ya wuni yana wanke shi, ya ɗaura, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. A karo na uku ya kama, hayaƙi ya turnuƙe madafa, awaki suka nemi tsinke igiya, Barira ta saki guɗa ba ta san ta yi ba. Shi kuwa ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya daɗe a haka. Muryar ce dai, ita ce, wadda ya sani tun yana tsalle da weji.

'Ya'yansa suka sa diga suka fasa katangar da safe, Kamaruddeen yana taya su kwashe ƙasa. Rabin gari ya taru a burtali. Uwaisu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya buɗe ƙofar gefen direba, sannan ya zagaya ya buɗe ɗayar ya dubi matarsa.

"Yau ma baya za ki hau?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta shiga gaba.

Ya sa giya ta ɗaya, mota ta ɗaga, ta taka ɓaraguzan katanga, ta sauka a gona. Sabiru ya sha gabanta yana tafiya da baya da baya, sanda a hannu, yana ta ihu. A yi dama, a yi hagu, wane irin direba ne wannan, wa ya ba shi lasin. Uwaisu ya leƙa ta taga yana duban tayar gaba, ya dubi ta baya a madubi. Tsakanin taya da layin gero tazarar tafin hannu ce, ta dama haka, ta hagu haka, tun daga katanga ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba.

Ya ce, "Ikon Allah. Kamar an gwada."

Barira ta ce, "An gwada mana. Tun kafin roƙon ruwa, ranar da ka tafi Kano, ya shigo da karan dawa ya auna ta gaba da baya, har da madubi. Ya ce in na gaya maka ba zai ƙara cin tuwona ba."

Hanyar ta fara yi wa Uwaisu dishi-dishi, ya sa hannun riga ya goge idonsa, sitiyari ya ɗan karkace. Sabiru ya buga sandarsa a kan banet ɗin da ba wanda ya isa ya taɓa.

"Kai, Direban Kaji! Ka buɗe ido, gerona ne a nan!"